Iyakar Ikon Ubangida a Dokar Ƙwadago ta Saudiyya

A Amurka, in ban da jihar Montana, ubangida yana iya sallamar ma'aikaci a duk lokacin da ya ga dama ba tare da ya kawo dalili ba, muddin sallamar ba ta saɓa wa doka ba, kamar dokokin hana wariya. Saudiyya ba ta bi wannan hanya ba, domin dokar ƙwadago ta 2005 ta ɗaure sallama da dalili karɓaɓɓe, kuma sashe na 80 ya ƙidaya laifuffukan da ke halatta kora babu sanarwa, irin su cin zarafin ubangida da ƙaurace wa aiki fiye da kwana 15 a jere babu uzuri.

Sashe na 77 ne ya fi jawo muhawara. Idan kwantiragi bai ƙayyade diyya ba, wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba yana samun albashin kwana 15 a kan kowace shekarar da ya yi, ko kuwa albashin watannin da suka rage idan kwantiragin mai wa'adi ne, kamar yadda doka ta wajabta ga baƙi, kuma diyyar ba ta gaza albashin wata 2. Wannan kariya ce ta gaske, sai dai ta sa wa zalunci farashi sananne, wanda babban kamfani a Riyad zai biya ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Ta fuskar rauni a bakin aiki kuwa, ubangida kaɗai ke biyan kashi 2 cikin 100 na albashi ga hukumar inshora ta GOSI, wadda ke ɗaukar nauyin magani da diyyar ɗan ƙasa da baƙo. Dokar mu'amalar farar hula ta 2023 ta ƙara da cewa ubangida yana ɗaukar alhakin ɓarnar da na ƙarƙashinsa ya yi a bakin aiki, saboda shi ke da ikon umarni da sa ido.

Sai dai sashe na 7 ya cire 'yan aikin gida daga dokar ƙwadago, aka ba su wata ƙa'ida ta daban, haka ma gyaran 2021 da ya sassauta riƙon kafili (wato mai ɗaukar nauyin zaman baƙon ma'aikaci) bai shafe su ba. Hausawa da yawa, musamman mata 'yan aikatau, a wannan rukuni suke, wanda kuma ba shi da ikama, wato takardar izinin zama, ya fi kowa wahalar kai kuka kotun ƙwadago.