Mangwaron da kake sha ma baƙo ne



Jiya da yamma na tsaya wajen wani mai baro a nan Kongo, na sayi mangwaro. Na ce masa, "Malam, ka san wannan ɗan Indiya ne?" Ya kalle ni ya ce, "Kai dai biya kuɗinka, daga ƙauye aka kawo shi yau da safe." To, ni da shi duk muna da gaskiya.

Asalin mangwaro yankin Indiya ne da Bama. Fataken teku suka sauke shi a gabashin Afirka, daga baya jiragen Turawa suka yaɗa shi a gaɓar yamma. Ayaba ta fi shi doguwar tafiya, don a tsibirin Niyu Gini aka fara nomanta, kusan shekara 7,000 da suka wuce.

Amma labarin da ya fi ba ni dariya na gwanda ne. Tun can Bahaushe yana da gwandarsa, wata 'yar bishiya a daji mai 'ya'ya rawaya masu zaƙi. Wannan babbar da muke yankawa yanzu kuwa daga Meziko da tsakiyar Amurka ta fito, ba ta tsallako teku ba sai bayan 1492. Da ta iso, kakanninmu suka sa mata "gwandar Masar", kamar yadda suka kira masara, wadda ita ma 'yar Amurka ce. Sannu a hankali baƙuwa ta ƙwace sunan kacokan, 'yar gida ta koma "gwandar daji". Kun ji fa.

Mu Zazzagawa muna da namu kason a wannan fatauci. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarauniya Amina goro ya fara shigowa ƙasar Hausa, har Sarkin Nupe ya aiko mata da guda 10,000. Daga nan ayarin jakuna suka riƙa shafe watanni zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, su kai kanwa da tufafi, su dawo da goro. Bishiyar ba ta yi a ƙasarmu, amma yau je ka ɗaura aure babu goro ka gani.

Ba karɓa kawai muka yi ba. Tsamiya 'yar Afirka ce, ta isa Indiya tun da daɗewa, har Larabawa suka ɗauka ta can ce, suka kira ta "tamar hindi", wato dabinon Indiya. Yau Indiya ce kan gaba a nomanta a duniya. Mu kuwa? Gatari muke sa mata, ita da kanya da ɗinya, a ƙona a yi gawayi, ba wanda ya dasa madadinsu.

Na tambayi mai baron nan ko yana samun gwandar daji. Ya ce rabonsa da ganinta tun yana kiwo.