Ciwon Baya da Gwiwa Bayan Ɗaukewar Al'ada: Abin da Jiki Yake Bukata da Sauƙin da Shari'a Ta Yi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan'uwa, duk wanda ya lura da sahun mata a masallatanmu, musamman lokacin tarawihi, zai ga kujeru suna ƙaruwa shekara bayan shekara. Da yawan masu zama a kansu ba tsofaffi ne tukuf ba. Iyayenmu ne da yayyenmu masu shekara 45 zuwa 55, waɗanda al'ada ta ɗauke musu ko take shirin ɗaukewa, sai baya da ƙugu da gwiwoyi suka fara ciwo. Wata tana tilasta wa kanta sujada tana hawaye don tana tsoron kada sallarta ta ɓaci. Wata kuma ta zauna daga kabbarar farko har sallama alhali tana iya tsayuwa. Wata ta koma ga ƙwayoyin ƴan talla. Duka ukun akwai gyara a cikinsu, shi ya sa muka ga ya dace a yi bayani.

Daga ina ciwon yake zuwa?

Likitoci suna cewa al'ada ta ɗauke idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba don ciki ko wata rashin lafiya ba. Yawancin mata suna kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 45 da 55. Amma tun kafin nan da ƴan shekaru jiki yake fara ba da alama: al'ada ta riƙa tsallake wata, zafi ya riƙa taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya tashe ta da dare, barci ya ƙi daɗi.

Tushen abin shi ne wani sinadari da ƙwan mace yake fitarwa, ana kiransa istirojin. Aikinsa bai tsaya ga haila da haihuwa ba. Yana taimaka wa ƙashi ya riƙe ƙwarinsa, yana taimaka wa guringuntsin da ke tsakanin gaɓɓai, yana kuma rage kumburi a cikin jiki. Idan ya ragu, sai gaɓɓai su riƙa sanƙarewa, musamman da asuba ko bayan doguwar zama. Ƙashi kuma yana saurin raguwa a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Idan abin ya yi nisa, ƙashin gadon baya yana iya tsagewa ko ya lotsa ba tare da faɗuwa ba. Shi ne za ka ga dattijuwa ta rage tsawo, bayanta ya ranƙwafa. Naman jiki ma yana raguwa da shekaru, ƙiba kuma ta taru a ciki, sai nauyi ya ƙaru a kan gwiwar da ƙarfinta ya ragu.

A haɗa wannan da aikin da macen nan ta yi shekara 30 tana yi: daka, jan guga, ɗaukar tulu, tuƙin tuwo, shara da gajeren tsintsiya, wanki a duƙe, ga haihuwa da goyo. To, ashe ba sai an nemi mai sammu ko an zargi kishiya ba. Sababi ne da Allah ya sanya a cikin halittar jiki, kuma Alƙur'ani da kansa ya ambaci matan da suka yanke tsammanin haila a Suratuɗ Ɗalaƙ, ya ba su hukuncinsu. Mataki ne na rayuwa, ba abin kunya ba ne.

Yaya za ta yi salla?

Asalin wannan babi shi ne hadisin Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, wanda Bukhari ya ruwaito. Yana fama da basir, sai ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla. Aka umarce shi da tsayuwa, in ta gagara ya zauna, in zaman ya gagara ya kwanta a gefensa.

Ɗalibai da suka karanta Ahalari sun san yadda malamanmu na Malikiyya suka jera matakan nan guda bakwai ga sallar farilla. Huɗu na farko bin jerinsu wajibi ne: tsayuwa ba tare da jingina ba, sai tsayuwa da jingina, sai zama ba jingina, sai zama da jingina. Ukun ƙarshe bin jerinsu mustahabbi ne: kwanciya a gefen dama, sai hagu, sai rigingine. Abin lura a nan shi ne, wadda take iya mataki na sama a cikin huɗun farko, ta bar shi ta koma na ƙasa ba uzuri, sallarta ta farilla ta ɓaci. Wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Don haka, Hajiya, ki dubi inda ciwon yake. Idan matsalarki lanƙwasa gwiwa ce zuwa ƙasa, amma kina iya tsayuwa, to ki yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye, ki yi ruku'u, ki ɗago, sannan ki zauna a kujera ki yi nuni da sujada. Idan tsayuwar ce take yi miki wuya sai kin dafa, ki dafa sanda ko bango. Idan kuwa tsayuwa ta gagara gaba ɗaya amma kina iya kai goshi ƙasa, zama a kan tabarma ya fi miki kujera, domin sujada rukuni ce, kuma mai zama a kujera ta rasa ta. Duk inda ake nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa. Ba a bukatar a ɗago matashi ko wani abu zuwa goshi, nunin ya wadatar.

Mene ne ma'aunin gazawa? Malamai sun ce wahala mai tsanani, ko tsoron ciwo ya ƙaru, ko warkewa ta yi jinkiri. Ba a ce sai mace ta faɗi ba tukuna, ba a kuma ce ɗan nauyin jiki ya zama uzuri ba. Ke kika san jikinki, kuma Allah ya fi ki saninsa. Yau kina iya tsayuwa a sallar azahar, gobe da asuba cikin ɗari ta gagara. Kowace salla da halinta.

Nafila kuwa ƙofarta ta fi faɗi, ana iya yin ta a zaune. Nana A'isha ta ba da labari cewa lokacin da Annabi ya manyanta yakan yi karatun sallar dare a zaune, idan ya rage kamar aya 30 ko 40 sai ya miƙe ya karanta su a tsaye sannan ya yi ruku'u. Wannan kyakkyawan misali ne ga mai son tarawihi ko tahajjud. Kada kuma ranki ya ɓaci don kin zauna. Bukhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wanda rashin lafiya ko tafiya ta hana shi aikin da ya saba yana da lafiya, ana rubuta masa ladarsa cikakkiya.

Wurin alwala ma a sauƙaƙa. A ajiye kujera mai ɗan tsawo maimakon tsuguno, a ɗumama ruwa lokacin ɗari, a kuma lura da santsi, domin faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugun macen da ƙashinta ya yi rauni.

Motsi shi ne babban magani

Abin da mutane suka fi yi idan baya ya yi ciwo shi ne a ce wa mace ta kwanta ta huta. Hutun kwana ɗaya ko biyu ba laifi. Amma doguwar kwanciya tana ƙara sanƙarar da gaɓɓai, tana kashe ƙarfin naman da ke riƙe da su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da kuma atisayen ƙarfafa naman jiki sau 2 a mako. Minti 30 ke nan a rana har kwana 5. Tafiya da ɗan sauri bayan asuba ko bayan la'asar ta isa, ko zuwa makarantar Islamiyya da ƙafa, ko zagaya tsakar gida ga wadda ba ta fita. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 10, ta riƙa ƙarawa.

Ga gwiwa, ki zauna a kujera, ki miƙe ƙafa ɗaya sambal, ki ƙirga zuwa 5, ki sauke, sau 10 ga kowace ƙafa. Sannan ki tashi tsaye daga kujerar ki koma a hankali, shi ma sau 10. Ga baya, ki kwanta rigingine a kan tabarma, ki lanƙwashe gwiwoyi, ki ɗaga ƙugu sama kaɗan ki sauke. Ɗan jin jiki a kwanakin farko ba komai ba ne. Idan kuwa ciwo ne mai sara, ko gaɓa ta kumbura, sai a dakata a nemi likita.

Yanayin aiki ma a gyara shi. A sa wa tsintsiya doguwar sanda. A ɗora bahon wanki a kan abu mai tudu. Idan za a ɗauki kaya daga ƙasa a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, kada a duƙa da baya. Bokiti biyu ƙanana sun fi babba guda. Tsumma mai ɗumi a kan ƙugu ko gwiwa yana sassauta ciwo. Mai ƙiba kuma ta sani duk kilo ɗaya da ta rage yana sauke wa gwiwarta nauyin da ya kai kusan ninki huɗu a kowane taku.

Abinci da rana

Ƙashi yana bukatar kalsiyam, kuma Allah ya hore mana shi a kusa: nono, kindirmo, cuku, zogale, kuka, riɗi, wake, da ƙananan kifi busassu da ake ci har ƙashi. Fura da nono ba abin rainawa ba ce, sai dai a rage sukari. Jiki kuma ba ya amfana da kalsiyam yadda ya kamata sai da bitamin D, wanda fata take haɗawa idan rana ta taɓa ta. Abin mamaki, a ƙasa mai rana irin tamu ana samun matan da suke da ƙarancinsa, saboda yini a ɗaka. Zama na ɗan lokaci da hantsi a tsakar gida, hannaye da ƙafafu a buɗe, inda babu baƙon ido, yana taimakawa kuma bai saɓa wa sutura ba.

Hattara da ƙwayoyin talla

Neman magani umarni ne na Annabi, kamar yadda ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik wurin Abu Dawuda da Tirmizi. Amma magani daban, guba daban. Farasitamol yana da sauƙi ga yawancin mutane idan ba a wuce ƙa'ida ba. Ibuprofen da diclofenac suna rage ciwo, sai dai shan su kullum yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya hau da jini. Ba a shan su ciki babu abinci, kuma mai azumi ta kula da wannan sosai. Mai hawan jini, ko ciwon ƙoda, ko gyambon ciki kada ta sha sai da izinin likita.

Mafi haɗari su ne dexamethasone da prednisolone, waɗanda ƴan talla suke haɗawa cikin ƙullin ƙwayoyi su ce maganin sanyin ƙashi ne, wasu matan kuma suna sha don ƙiba. Ciwo yakan lafa nan take, shi ya sa ake yabon su. Amma daɗewa a kansu yana cinye ƙashin da ake son cetowa, yana tayar da ciwon sukari da hawan jini. Wadda ta daɗe tana shan su kada ta yanke dare ɗaya, ta je asibiti a rage mata a hankali. Tramol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarinmu, ba ma so ya shigo ɗakin iyayenmu ta ƙofar ciwon baya. Akwai kuma maganin da yake maye gurbin istirojin, yana amfanar wasu mata, bai dace da wasu ba. Likita ne kaɗai zai tantance bayan bincike.

Alamun da ba a jinkiri da su

Ba kowane ciwo ne za a jingina wa shekaru ba. A gaggauta zuwa asibiti idan ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko yana hana barci kowane dare, domin tarin fuka yana iya kama ƙashin baya. Haka idan ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa. Haka idan gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ko yatsun hannu biyu suna sanƙarewa fiye da awa guda kowace safiya, ko ciwo mai tsanani ya biyo bayan ƴar ƙaramar faɗuwa.

Sai jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa. Ta fuskar ibada, Malikiyya sun ce tsakanin shekara 50 da 70 ana tambayar mata masana ko haila ce, bayan 70 kuwa ba haila ba ce. Amma tambayar malam ba ta ɗauke zuwa asibiti ba, domin irin wannan jini yana iya zama alamar cuta a mahaifa, kuma gano ta da wuri shi ne rabin magani.

Kira ga maza da ɗalibai

Maigida, idan uwargida ta ce bayanta yana ciwo, ba ƙyuya ba ce, ba kuma tsufa ne ya sa ta raki ba. Ka kai ta asibiti, ka biya kuɗin niƙa a inji, ka saya mata nono da kifi. Ɗalibai, biyayya ga iyaye da kuke karantawa ga wurin aikata ta: ku karɓi guga da taɓarya daga hannun Inna, ku raka ta tafiyar yamma, ku koya mata matakan salla da ladabi. Kwamitin masallaci kuma ya tanadi kujeru masu ƙwari a gefen sahun mata, ya gyara wurin alwalarsu.

Allah ya ba iyayenmu lafiya mai amfani, ya sa abin da suke ji ya zama kankarar zunubi, ya karɓi ibadarsu a tsaye da a zaune. Allah ne mafi sani.