Ko Ka Sani? Yadda Ƙaramar Waya Ke Kai Saƙon Asibiti Har Ɗakin Majinyaci

Ko ka san saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi mai lanƙwasa ɗaya tak ya shiga cikinsa, ƙ ko ɗ ko ɓ, sai adadin ya faɗo zuwa 70? Injiniyoyin Turai da suka tsara GSM a shekarun 1980 sun ware wa tes wani ɗan taƙaitaccen jerin haruffa da ya ishi Turanci da Jamusanci da makamantansu. Namu ba sa ciki. Idan waya ta ci karo da harafin da ba ya cikin jerin, sai ta sauya wa saƙon tsari gaba ɗayansa, ta koma wani mai cin wuri fiye da ninki biyu. Saƙon da zai tafi guda sai ya rabu gida uku, kuɗinsa ya ninku, wasu tsofaffin wayoyin ma su nuna ɗan akwati a gurbin harafin.

Mai hira da abokinsa bai damu da wannan ba. Amma wanda zai tura wa dubban mata masu juna biyu saƙo daga asibiti dole ya damu, domin "bari" daban, "ɓari" daban, haka "kashi" da "ƙashi". Ko dai ya biya kuɗin lanƙwasa, ko ya zauna ya tsinto kalmomin da ba za su rikiɗe ba idan an cire ta. Tun daga nan aikin tsara manhajar lafiya yake farawa, kafin a zo maganar launi da hoto.

Da an ce manhaja, abin da ke zuwa a ran mutane shi ne babbar waya mai shafawa, a sayi data, a shiga Play Store, a buɗe da imel da kalmar sirri. Akwai masu wannan a Gusau, musamman ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗaliban Jami'ar Tarayya. To amma ka tsaya wurin yankar kati a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ka dubi hannun waɗanda suka yi sammako daga Nahuce ko Kwatarkwashi ko 'Yankuzo. Da yawansu ƙaramar waya ce mai madannai da tocila, lambobinta sun goge saboda latsawa, an ɗaure murfinta da roba, tana kwanaki ba a kai ta wurin mai caji ba. Wasu matan ma ba su da ita. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na maza a Najeriya sun mallaki waya, mata kuwa kashi 55, kuma a karkara abin bai kai haka ba. Ke nan saƙon da aka rubuta wa mace sau da yawa a aljihun maigida yake sauka.

Wannan ƙaramar wayar tana da hanyoyi uku da asibiti zai iya biyowa ba tare da intanet ba. Mun ga tes. Ta biyu ita ce wadda kowa ke latsawa idan zai duba kuɗin katinsa ko ya tura kuɗi daga banki, a fara da tauraro a rufe da alamar tsani. Sunanta USSD. Bambancinta da tes shi ne, lokacin da ka latsa, layi ne ake buɗewa kai tsaye tsakanin wayarka da wata kwamfuta, tana tambaya kana amsawa, kuma da an gama babu abin da ke zama a cikin wayar. Tana aiki ko da sabis ɗin 2G ne. Aibinta biyu: shafi guda bai wuce haruffa 182 ba, kuma idan ka yi jinkirin amsa sai layin ya tsinke, ka koma farko. Dattijon da ke haɗa baƙi a hankali, idan aka jera masa zaɓi tara, kafin ya kai na biyar an yanke shi. Shi ya sa mai tsarawa na ƙwarai yake yin tambaya ɗaya a shafi, da zaɓi biyu ko uku. Da wannan hanyar Afirka ta Kudu ta fara yi wa masu ciki rajista a shirinta na MomConnect a 2014.

Ta uku ita ce murya, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da mu. Kwamfuta ce ke kira, ka ɗaga ka ji muryar mutum da aka naɗa, ta ce idan kaza ne latsa ɗaya, idan kaza ne latsa biyu. A 2010, da aka fara wani shirin tura wa masu ciki saƙo a arewacin Gana, an ba mata zaɓi tsakanin rubutu da murya, kusan dukansu murya suka ɗauka. Indiya na da Kilkari, saƙonnin murya 72 da ake kiran uwa da su mako-mako, tun daga wata na huɗu na ciki har yaro ya shekara. A nan gida ma, a 2016 kamfanin Airtel ya buɗe layin 3-2-1, inda aka riƙa sauraron bayanan lafiya da noma cikin harsuna biyar, har da Hausa. Akwai kuma dabarar da ta dace da aljihun talaka: majinyaci ya yi filashin kawai, kwamfuta ta kira shi, ko kwabo bai kashe ba.

A nan sai a yi hattara da cewa wai mutanenmu ba su iya karatu ba. Ƙasar da 'Yandoto take cikinta, garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, cike take da masu karanta Alƙur'ani da ajami waɗanda boko ne kawai bai zauna musu ba. Manhajar babbar waya da ta sa ajami kusa da boko, da ɗan maɓallin da za a taɓa a ji an karanta, ta girmama su.

Bari mu ɗauki aiki guda mu dube shi da kyau. Tun 2015 Zamfara, tare da Sakkwato, ta shiga shirin raba wa yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012. Ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata har damina ta wuce. Masu rabo suna bi gida-gida, su ba yaro ƙwayoyin ranar farko a gabansu. Sauran biyun, masu ruwan ɗorawa, a hannun uwa ake bari, ɗaya gobe, ɗaya jibi. Nan ne gizo ke saƙar. Ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga abincin 'yan gona, yaron kuma lafiyarsa ƙalau yana wasa, ba abin da zai tuna mata. Idan ba a cika kwana ukun ba, kariyar ba ta cika ba.

Me waya za ta yi a nan? Ba ta buƙatar rajista mai shafi biyar. Kira ne na rabin minti, da muryar mace mai Hausar yankin, a lokacin da aka san maigida yana gida da wayar: "Salamu alaikum, maman yara. Yau kwana na biyu ke nan. A narka ƙwaya ɗaya da ruwa kaɗan a cokali a ba yaro. Idan an riga an ba shi, a latsa ɗaya. Idan ya yi amai ko akwai damuwa, a latsa biyu, malamar asibiti za ta kira ku." Ka lura ba a ambaci sunan maganin na Turanci ba, ba a kuma ce ƙarfe kaza ba. A gidaje da yawa salla ce agogo. Maganin da aka ce a sha sau uku a rana, ana so ne a bar kusan awa takwas tsakani, kuma idan aka ce bayan asuba, bayan azahar, sai lokacin kwanciya, an kusanci hakan fiye da a bar mutum ya shanye ukun tsakanin hantsi da la'asar. Haka maganin zazzaɓin da ake sha sau shida cikin kwana uku: na biyu yana biyo na farko ne da awa takwas, kuma ya fi aiki idan an sha da madara ko abinci mai maiƙo. Wannan bayanin yana cikin takardar da ke kwalin, da ƙananan haruffan Turanci. Mutum nawa ne ke warware ta?

Wancan "a latsa biyu" shi ne ran aikin. A Kenya an yi wani gwaji da aka wallafa a mujallar Lancet a 2010, da mutum 538 masu shan maganin cutar da ke karya garkuwar jiki. Rabinsu ana tura musu kalma ɗaya ta Suwahili duk mako, mai nufin "yaya dai?", su amsa da "lafiya" ko "akwai matsala". Wanda ya ce akwai matsala, ko ya yi shiru kwana biyu, ma'aikacin jinya ya kira shi. Bayan shekara, kashi 62 cikin ɗari na masu samun saƙon sun ce suna shan magani yadda ya kamata, a ɗaya rukunin kuwa kashi 50. Gwajin jini ma ya nuna bambanci, 57 da 48. Abin da ya yi aiki shi ne majinyaci ya san akwai mutum a ɗaya gefen da zai lura idan ya yi shiru. Manhajar da za a latsa biyu a jira har gobe ba a kira ba, gara ba a yi ta ba, don ta koya wa mutane kada su sake yarda.

Kuma saƙon na Kenya bai ambaci cuta ko magani ba. Duk wanda ya ɗauki wayar gaisuwa zai gani. Wannan darasi ne babba gare mu, inda waya guda ke zagaya hannun maigida da uwargida da amarya da yara masu wasan gem. Saƙon da ya fito fili da maganar tarin fuka, ko yoyon fitsari, ko tazarar haihuwa, yana iya kashe aure ko ya sa mutum ya daina zuwa asibiti. Ya kamata tun ranar rajista a tambayi majinyaci: wayar ta wa ce, wa ke karanta maka, ƙarfe nawa za a kira, me za a faɗa, me za a ɓoye? Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, don haka wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Akwai kuma darasin da Zamfara ta koya a jikinta. A ranar 3 ga Satumban 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane sun riƙa shiga mota zuwa wasu jihohi don kawai su buga waya. A waɗannan makonni tes da USSD da kira duk sun mutu tare. Abin da ya rage shi ne abin da ke zaune cikin wayar: ƙararrawarta, da rediyon FM ɗinta da ba ya buƙatar sabis, da abin da ke kan memori. Mai tsara manhaja domin Tsafe ko Bungudu dole ya ɗauka cewa sabis na iya ɗaukewa kowane lokaci. Tunatarwar shan magani ta zauna cikin wayar, ta buga da kanta. Bayanin alamomin haɗari ga mai ciki, zubar jini, jijjiga, kumburin fuska da matsanancin ciwon kai, a naɗe shi a murya, a bai wa masu caji da turin waƙoƙi su riƙa sa wa mutane a memori kamar yadda suke tura wa'azi. Katin asibiti na takarda kuma kada a raina shi.

Inda sabis yake, babban amfanin waya a yankin nan shi ne rage tafiyar da ba dole ba. Kowa ya san halin hanyar Gusau zuwa Tsafe da tsadar kuɗin mota. Mai hawan jini ko ciwon suga da zai iya sanin ranar ganin likitansa, ko sakamakon gwajinsa ya fito, kafin ya bar gida, an rage masa nauyi na gaske. Ga irinsa, idan babbar waya ce, a yi rubutu manya, domin ciwon suga yana taɓa ido. A sa hoton kwalin maganin da ya sani. Manhajar kuma ta zama marar nauyi, kada sai ya goge hotunan jikokinsa kafin ta samu wuri.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wani masanin wannan fanni, Jakob Nielsen, ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yana tono mafi yawan matsalolin manhaja. Matashin da ke koyon kwamfuta a Gusau zai iya haɗa kai da ɗalibar Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, su nemi izini, su miƙa wa majinyata biyar wayar, su kame bakinsu, su ga inda yatsa ke tsayawa. Duk inda mutum ya ɗago kai ya ce "to yanzu me zan taɓa?", nan ne wurin gyara.

Akwai ɗaya daga cikin irin waɗannan ayyuka da ya daɗe a kemis ɗin unguwarku. Tun 2010 hukumar NAFDAC ta fara tsarin tantance magani ta waya. A jikin kwalin magungunan zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta da yawa akwai ɗan wuri mai ruwan azurfa, irin na katin waya. Ka kankare, ka tura lambobin ta tes zuwa gajeriyar lambar da aka buga a wurin, kamar 38353, amsa ta dawo maka ko maganin na gaskiya ne, kuma kyauta ne. Umarnin da Turanci yake, wanda ya kamata a ce an sa da Hausa tuntuni. Kafin a yi hakan, idan ka je sayen magani, ka kankare tun kana gaban mai kemis, ka jira amsa kafin ka biya, sannan ka nuna wa na kusa da kai yadda ake yi.