'Bud out' da 'butt out': Sauti ɗaya ya raba toho da tsawa

Daga cikin abubuwan da ke wahalar da mai koyon Turanci akwai aikatau irin waɗanda ake goya wa wata 'yar kalma a baya, kamar "out" ko "off" ko "up", sai ma'anarsu ta faɗaɗa ko ta sauya baki ɗaya. Masana nahawun Turanci na kiran su "phrasal verbs". Ɗaya daga cikinsu shi ne "bud out", wanda ba kasafai ake jin sa ba, amma kuskure a kansa kan jawo wa mutum jin kunya a ofis ko a wasiƙar kasuwanci.

Kalmar "bud" tana nufin ɗan ƙullutun nan da ke fitowa a jikin reshe kafin ya buɗe ya zama ganye ko fure. Saboda haka idan aka yi amfani da "bud out" a kan bishiya, ana nufin ta fara toho. Mutanen Ingila da Amurka sun fi faɗin haka daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da hunturu ya ja baya, itatuwan da suka kaɗe suka soma farfaɗowa. Mai son bayyana abin da kuka ke yi gab da faɗuwar damina zai iya cewa "The baobab has budded out", wato kuka ta yi toho. Gawo kuwa, da yake ya saba wa sauran itatuwa, sai damina ta wuce yake yin nasa.

Ta fuskar nahawu, abu biyu ne ya kamata a kiyaye. Na farko, wannan aikatau ƙi-karɓau ne: tsiro ne ke yin toho da kansa, don haka ba a kawo sunan wani abu a bayansa a matsayin wanda aikin ya faɗa wa. Na biyu, ana ninka harafin "d" idan kalmar ta sauya siga, a rubuta "budded out" ga abin da ya wuce, "budding out" ga abin da ke gudana.

Akwai 'yan'uwansa da ma'aikaci da ɗan kasuwa suka fi cin karo da su. "Budding" kan zo a matsayin siffa da ma'anar mai tasowa, shi ya sa "a budding trader" ke nufin ɗan kasuwar da ya fara kafuwa, kuma ana yi masa kyakkyawan zato. Sai "nip in the bud", wadda ta yawaita a jawaban hukumomi da takardun ofis, ma'anarta a daƙile matsala tun tana kunno kai. Ta yi kusa da karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai Bahaushe gyara yake nufi, Bature kuwa tsinke tohon yake nufi don kada ya girma sam.

Inda haɗarin yake shi ne kamar da ke tsakanin "bud out" da "butt out". A kunne kusan ɗaya suke, musamman a bakin Amurkawa, amma ma'anarsu ta yi hannun riga. "Butt out" magana ce ta tsawa, daidai da a ce wa mutum "tsame bakinka, ba ruwanka". Kishiyarta ita ce "butt in", wato yin katsalandan a zancen da ba a sa mutum ba. Ba kalma ce da ake faɗa wa na gaba ko abokin ciniki ba, kuma ba ta da gurbi a takardar aiki. Wanda ya so ya ce sabon reshen kamfaninsu ya fara toho, ya rubuta "butt out", ya aika da saƙon da bai yi niyya ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar "bud out" ga itatuwa da shuke-shuke, inda ta fi dacewa. Idan kasuwanci ko shiri ake nufi, "grow" ko "expand" sun wadatar, kuma babu mai yi musu wata fassara.