Amsar Wasiƙunku: Ƙuri'ar wanda bai ci jiha ba ta tafi a banza?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙaramar hukumar Kibiya, kuma wani mai awon hatsi a kasuwar Rano ya aiko da irinta. Tambayarsu ita ce: a zaɓen shugaban ƙasa, idan mutum ya san ɗan takararsa ba zai ci jihar Kano ba, mene ne amfanin barin sana'a a je a yini a kan layi?

To, malamai, mun gode da wannan tambaya. Amsar a taƙaice ita ce, ƙuri'ar shugaban ƙasa sau biyu ake auna ta.

Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko, sai ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya. A nan rumbu ɗaya ake zuba su, ƙuri'ar Kibiya da ta Legas duk nauyinsu ɗaya. Na biyu, sai ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa, wato kashi 25 cikin 100, a sulusi biyu na jihohi. Sulusi biyu na jiha 36 shi ne jiha 24. In ba wanda ya cika duka biyun, sai a sake zagaye na biyu. Kun ga ke nan doka ba ta ce sai ya zo na ɗaya a jiha ba. Rubu'i take nema.

Wannan lissafi a kan ƙuri'un Kano aka fara gwada shi. A zaɓen 11 ga Agusta 1979 jihohi 19 ne, kuma Kano ta haɗa har da Jigawa ta yau. Malam Aminu Kano na PRP shi ya kwashe jihar. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya fi kowa ƙuri'u a ƙasa, ya kuma sami rubu'i a jiha 12, amma a Kano ƙuri'a 243,423 ya samu, bai cika kashi 20 cikin 100 ba. Sai Cif Obafemi Awolowo na UPN ya garzaya kotu, ya ce sulusi biyu na 19 jiha 13 ne, don ba a yanka jiha kamar kabewa. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da sulusi biyu na jiha ta 13, wato Kano.

Bari mu kwatanta da awo. A ce ƙuri'un Kano gero ne kwano 12. A lissafin Awolowo sai Shagari ya sami kwano 3. A lissafin Akinjide kuwa, a ware sulusi biyu, kwano 8, a ɗauki rubu'insa, kwano 2. Shagari yana da kwano 2 da ɗoriya. Ranar 26 ga Satumba 1979 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da nasara, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. Wato mutanen da suka zaɓi wanda ya sha kaye a Kano, ɗoriyarsu ce ta rufe masa awo.

Haka kuma a 2023. Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya ci Kano da ƙuri'a 997,279. Bola Tinubu na APC ya zo na biyu da 517,341, abin da ya haura rubu'i, don haka Kano ta shiga cikin jihohin da suka cika masa sharaɗi. Wanda ya zaɓi Kwankwaso ma bai yi asara ba, domin duk ƙuri'ar da ta tafi wurin wani tana rage kason sauran, ga shi kuma a ranar ne aka zaɓi sanatan Kano ta Kudu da ɗan majalisar wakilai na Rano, Bunkure da Kibiya.

Batun “na san wanda zai ci” kuwa, a bi shi a hankali. A zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda gwamnatin Janar Babangida ta soke, Alhaji Bashir Tofa ɗan Kano ne, amma Cif Abiola ya kayar da shi a jiharsa. Teburin mai shayi ba shi ne akwatin zaɓe ba.

Ƙuri'ar da ta tafi a banza ita ce wadda ba a jefa ba. A 2023 masu rajista a Kano sun kusa miliyan 6, amma waɗanda suka fito ba su kai miliyan 2 ba. Sai kuma wadda aka sayar a kan taliya ko sabulu: taliyar ta ƙare a tukunya ɗaya, farashin taki da na man fetur kuwa su bi mutum shekara huɗu.

Saboda haka, malamai, mu ba za mu ce ku zaɓi wane ba, wannan tsakaninku ne da zuciyarku. Ku dai adana katinku, ku fita da wuri, ku dangwala a gida ɗaya don kada takardar ta lalace. A gaishe mana da mutanen Rano da Kibiya. Sai mun ji daga gare ku, mu kwana lafiya.