BABI NA UKU: HANYOYIN BA DA IZININ KAFA WURIN ZUBAR DA SHARA MAI GUBA DA MATSAYIN JAMA'A A CIKINSU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren shara mai guba da illolinta ga mutum da dabba da ƙasar noma. A wannan babi kuwa, za a yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da doka ta shimfiɗa wa duk mai son kafa wurin adana irin wannan shara, ko ƙona ta, ko binne ta. Haka kuma za a duba gurbin da dokar ta ware domin jin ta bakin jama'a, sannan a auna wannan gurbi da halin rayuwar mutanen ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, doka ta buɗe wa talaka ƙofar magana, amma yadda aka tsara ƙofar ya sa wanda abin ya fi shafa shi ne yakan zama na ƙarshen ji.

3.1 Tushen Dokokin

Kafin shekarar 1988 Nijeriya ba ta da wata hukuma ta tarayya da aka ɗora wa alhakin kare muhalli ita kaɗai. Abin da ya farkar da gwamnati shi ne abin da ya auku a Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwa suka yi ta shigo da durom-durom na sharar masana'antu daga Italiya, nauyinta ya haura tan 3,000, da takardun da ba su faɗi gaskiyar abin da ke ciki ba. An jibge kayan ne a filin wani mutumin garin, ana biyan sa haya kimanin dala 100 a wata. Ba a gano lamarin ba sai a tsakiyar 1988, bayan ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya sun sanar da jaridun gida. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta janye jakadanta daga Rum, ta kuma matsa har aka kwashe sharar aka mayar da ita inda ta fito.

A wannan shekara aka kafa dokokin soja guda biyu. Ta farko ita ce doka mai lamba 42, wadda ta haramta ɗauka da ajiyewa da zubar da shara mai cutarwa ba tare da izini ba, ta kuma tanadi ɗaurin rai da rai ga mai laifi. Ta biyu ita ce doka mai lamba 58, wadda ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, wato FEPA. A 1992 aka ƙaro doka mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 1999 aka narkar da FEPA cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sannan a 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin ƙa'idojin muhalli. A matakin jiha kuwa akwai Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Kaduna, wato KEPA. A fagen duniya, yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 duk sun biyo bayan irin abin da ya faru a Koko.

Abin lura a nan shi ne, sharar Koko ba da ƙarfin tuwo ta shiga garin ba. Ta shiga ne ta hanyar ciniki tsakanin baƙo da mai fili, alhali maƙwabta, waɗanda suke shan ruwan wurin, ba wanda ya tambaye su.

3.2 Matakan Samun Izini

Mai son kafa wurin zubar da shara mai guba yana buƙatar amincewa iri uku: ta fili, da ta muhalli, da ta gudanar da aiki.

3.2.1 Izinin Fili

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna ne ke ba da takardar mallaka, ƙaramar hukuma kuma tana da ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara. A Jihar Kaduna, tun daga 2015, hukumar KADGIS ce ke kula da rajistar filaye. Dokar ta kuma ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, a biya diyyar abin da ke kansa, kamar amfanin gona da itatuwa da gini. A aikace kuwa, cinikin gona a ƙauye yakan fara ne tsakanin mai saye da mai gona, a gaban shaidu da mai unguwa ko dagaci. A wannan mataki babu wani tanadi da ya ce sai an tara maƙwabta an faɗa musu abin da za a yi da filin.

3.2.2 Izinin Muhalli

Dokar 1992 ta lissafa ayyukan da ba a fara su sai an yi cikakken bincike. Daga cikinsu akwai gina wurin ƙona shara mai guba, da ramin binne ta, da rumbun adana ta, da wurin tace gurɓataccen ruwan masana'antu. Matakan da ake bi su ne kamar haka:

(a) Mai aiki ya miƙa bayanin aikinsa ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.
(b) Ma'aikata ta duba wurin, ta tantance rukunin da aikin ya faɗa.
(c) A fayyace abubuwan da binciken zai ƙunsa.
(d) Masana su ɗebi samfurin ƙasa da ruwa da iska, bisa al'ada a damina da rani, su kuma tuntuɓi mazauna wurin.
(e) A rubuta daftarin rahoto a miƙa wa ma'aikata.
(f) A baje rahoton ga jama'a na tsawon ranakun aiki 21.
(g) Kwamitin masana ya zauna ya duba rahoton tare da ƙorafe-ƙorafen da aka samu.
(h) Ma'aikata ta amince bisa sharuɗɗa, ko ta ce a yi gyara, ko ta ƙi.

Ya kamata a sani cewa mai aikin ne ke ɗaukar masanan da za su rubuta rahoton, shi ne kuma ke biyan su.

3.2.3 Izinin Gudanar da Aiki

Bayan an gina wurin, sai an sami lasisi daga NESREA bisa ƙa'idojinta na 2009, tare da bin sharuɗɗan KEPA. Waɗannan hukumomi ne ke da ikon shiga su duba, su ci tara, ko su rufe wurin. Ƙaramar hukuma kuwa, abin da tsarin mulkin 1999 ya ba ta shi ne kwashe shara da tsaftar gari, ba ta da ikon yanke hukunci a kan shara mai guba.

3.3 Gurbin Jama'a a Cikin Doka

Sashe na 7 na dokar 1992 ya wajabta wa hukuma ta ba jama'a da masana da ƙungiyoyi damar bayyana ra'ayinsu kafin ta yanke shawara. Yadda ake aiwatar da wannan shi ne a buga sanarwa a jaridu, a kuma yi ta a rediyo, sannan a ajiye rahoton a ofishin ma'aikata a Abuja, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa. Mai ƙorafi sai ya rubuta ya miƙa kafin wa'adi ya cika.

Wanda bai gamsu ba yana iya zuwa kotu, sai dai an daɗe ana korar irin waɗannan ƙararraki da hujjar cewa mai ƙara bai nuna wata cuta ta musamman da ta same shi fiye da sauran jama'a ba. Wannan ne ya sami Oronto Douglas a Babbar Kotun Tarayya lokacin da ya ƙalubalanci aikin iskar gas a yankin Neja Delta, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. A 2018 Kotun Ƙoli ta faɗaɗa wannan ƙofa, inda ta amince wata ƙungiya mai zaman kanta ta kai kamfanin mai na ƙasa ƙara a kan malalar mai a madadin jama'a.

3.4 Yadda Tsarin Ya Shafi Ikara da Makarfi da Kudan

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna cikin masarautar Zazzau, kuma akasarin mutanensu manoma ne. Makarfi da Kudan sun shahara da rake da mazarƙwaila, Ikara kuma da tumatir, ga masara da dawa da barkono da albasa. Noman rani ya dogara ne ga fadamu da rafuka, ruwan sha kuma ga rijiyoyi da burtsatse. Daɗin daɗawa, yankin ya yi iyaka da Jihar Kano, kuma babban titin Zariya zuwa Kano ya ratsa ta Tashar Yari. Wato ke nan yana tsakanin masana'antun jima na Bompai da Sharaɗa da Challawa a arewa, da matatar mai da sauran masana'antun Kaduna a kudu. Wuri mai arhar fili da kyakkyawar hanya, wanda mutanensa ba su da ƙarfin faɗa-a-ji, shi ne irin wanda masu neman wurin zubar da shara kan fi so. Ko a Amurka haka ta faru a gundumar Warren ta Jihar Karolina ta Arewa a 1982, inda aka kai ramin binne ƙasa mai guba yankin talakawa baƙaƙen fata, duk da zanga-zangar da suka yi.

A ɗauka cewa wani kamfani ya sayi gona a bayan wani ƙauye na Kudan domin irin wannan aiki. Matsalolin da manomin da ke maƙwabtaka da gonar zai fuskanta su ne:

Na farko, matsalar harshe. Rahoton yakan zo da Turancin masana, shafuka ɗaruruwa, alhali karatun mafi yawan magidanta a nan na Hausa ne, da boko ko da ajami.

Na biyu, matsalar wuri da lokaci. Rahoton yana ajiye a sakatariya a Hunƙuyi, ana ganin sa a lokutan aiki kawai. Idan ranaku 21 ɗin suka faɗo a tsakiyar damina ko lokacin yankan rake, da wuya manomi ya bar gonarsa ya tafi karanta takarda.

Na uku, matsalar jerin matakai. Cinikin fili yana gabatar binciken muhalli. Kafin a tambayi jama'a, kuɗi sun riga sun shiga hannun wasu, an kuma yi wa matasa alkawarin aiki. Wanda ya tashi da ƙorafi a wannan lokaci sai a ɗauke shi mai baƙin ciki.

Na huɗu, matsalar wakilci. Taron tuntuɓa yakan gudana a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, kuma tarbiyyar Bahaushe ba ta ba talaka damar musanta maganar manya a bainar jama'a ba. Mata, waɗanda su ne ke aiki da ruwan rijiya suna kuma renon yara, ba su cika halartar irin wannan taro ba. Haka ma Fulani makiyaya da ke shayar da dabbobi a rafi ɗaya. Annobar gubar dalma ta Jihar Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta nuna cewa yara ƙanana ne guba ke fara kayarwa, kuma a cikin gida.

Na biyar, ra'ayin jama'a shawara ce kawai. Doka ta ce a saurare su, ba ta ce sai sun yarda ba. Bugu da ƙari, tarar da dokar 1992 ta tanadar wa kamfanin da ya tsallake bincike ba ta wuce naira miliyan 1 ba, kuɗin da bai taka kara ya karya ba ga babban kamfani.

Haka nan takardar izini ita kaɗai ba ta isa kariya ba. A Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, a 2006, kamfanin da ya watsa sharar jirgin ruwan Probo Koala a sassan birnin bai daɗe da samun lasisi ba. Mutane fiye da 100,000 ne suka nemi magani a asibitoci.

3.5 Hanyoyin Gyara

Bisa abin da ya gabata, mai wannan nazari yana ganin ya dace a wajabta taƙaita kowane rahoto da Hausa, a boko da ajami, a kuma karanta shi a Rediyon Tarayya na Kaduna da sauran tashoshin da manoma ke saurare. Ya dace a yi shela a ranakun kasuwa da masallatan Juma'a da majami'u, a kuma ajiye kwafin rahoton a wurin dagaci. Ya dace a karɓi ƙorafi da baki a rubuta shi, a kuma shirya wa mata da makiyaya zama na daban. Mafi muhimmanci, kada a kammala ba da takardar fili sai an faɗa wa maƙwabta abin da za a yi da shi. Bayan an fara aiki kuma, a riƙa auna ruwan rijiyoyin kusa lokaci-lokaci ana sanar da masu su sakamakon.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda abin da ya faru a Koko ya haifar da dokokin muhalli na Nijeriya, an kuma bi matakan izini uku, wato na fili da na muhalli da na gudanar da aiki. An gano cewa a mataki ɗaya kawai doka ta wajabta jin ta bakin jama'a, shi ma cikin harshe da wuri da lokacin da ba su dace da manomin Ikara ko Makarfi ko Kudan ba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomi ya san inda ruwa ke kwanciya da damina da inda yake gangarawa, kuma wannan sani ne da mai bincike ke buƙata tun kafin a haƙa rami. Babi na gaba zai duba rawar da sarakunan gargajiya da ƙungiyoyin manoma za su iya takawa wajen isar da wannan sani ga hukuma.