Kifin ado: Abin da ke kashe shi cikin makonni alhali yana iya shekara 20

A shekarar 1956 wani yaro ɗan shekara bakwai ya ci kyautar ɗan kifi a wurin wani bikin wasanni a garin Doncaster da ke Ingila. Aka raɗa wa kifin suna Tish.

Yaron ya girma, ya yi aure, ya bar gida, kifin na nan a hannun mahaifiyarsa. Sai a 1999 ya mutu yana da shekara 43, kuma kundin Guinness ya amince da shi a matsayin kifin zinariya mafi daɗewa a duniya.

Kifin zinariya, wanda masu sayarwa ke kira goldfish, shi ne ya fi shahara cikin kifayen da ake ajiyewa a gida don ado. Fiye da shekara 1,000 ke nan da mutanen China suka fara kiwonsa. Idan ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 20, wani nau'insa kuma ya kai tsawon santimita 30.

Amma a gidaje da yawa, kifin da aka sayo wa yara ba ya wuce wata guda. A wayi gari a gan shi a kwance saman ruwa, a ce dama kifi ba ya daɗewa, a sayo wani.

Galibi ruwan da aka sa shi ne ke kashe shi.

Gubar da ido ba ya gani

Kifi yana ci, yana kashi, yana numfashi, duk a cikin ruwa guda. Daga jikinsa da ragowar abincin da ya ruɓe ake samun wani sinadari mai suna amoniya, wanda ko kaɗan ne yana ƙona kafofin numfashin da ke gefen kansa.

A kogi, yawan ruwa ke wanke wannan guba. A akwatin gilashi kuwa, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke aikin. Suna zama a cikin matacin ruwa da tsakuwar ƙasan akwatin, suna sauya amoniyar zuwa wani sinadari mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar sauya ruwa.

Waɗannan ƙwayoyi kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da ake buƙata. Wanda ya sayi akwati da safe ya zuba kifi goma da yamma, ya sa su ne a ruwan da babu mai tsaftace shi. Ruwan zai yi garau a ido, gubar na taruwa.

Shi ya sa ƙwararru ke kunna matacin na makonni kafin kifi ya shiga, suna ɗan zuba abinci don ƙwayoyin su samu abin ci, sannan su riƙa ƙara kifin kaɗan-kaɗan.

Tsafta ma tana iya zama ajali. Mai kwashe ruwan gaba ɗaya ya wanke komai da sabulu yana kashe ƙwayoyin, ya koma farko. Abin da ya dace shi ne a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako a zuba sabo, a kuma ɗauraye soson matacin a tsohon ruwan da aka ɗebe.

Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, wanda ke cutar da kifi da ƙwayoyin duka. Akwai maganin ɗigawa da ke kashe kaifinsa, kuma shi ya kamata a tanada tun kafin a sayo kifin.

Me ya sa aka haramta kwanon gilashi?

Ɗan kwanon gilashi mai siffar tulu shi ne hoton da ke zuwa wa mutane idan aka ce kifin ado. A Italiya, garin Monza ya haramta ajiye kifi a cikinsa a 2004, birnin Rum ya bi sahu a 2005.

Kwanon ya yi ƙanƙanta, bakinsa tsukakke ne, ga shi ba mataci. Iskar oksijin tana shiga ruwa ne ta samansa, saboda haka akwati mai faɗi ya fi mai zurfi da ƙaramin baki. Masu kiwo da suka goge kan ba da shawarar lita 75 zuwa sama ga kifin zinariya guda.

Abin da ya ƙarfafa irin waɗannan dokoki shi ne binciken masana. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Cibiyar Roslin da ke Scotland sun nuna cewa kifi na da jijiyoyin da ke gane ciwo. Kifayen da aka yi wa allurar dafin zuma a leɓe sun daina cin abinci na wani lokaci, numfashinsu ya ƙaru.

Maganar cewa kifin zinariya na mantuwa bayan daƙiƙa uku ma ba ta da tushe. Gwaje-gwaje sun nuna yana riƙe abin da aka koya masa na tsawon watanni.

Zafi, wuta da maganin sauro

Kifin zinariya ɗan ruwan sanyi ne, ya fi jin daɗi a kusan digiri 20 na ma'aunin Salshiyos. A Kano ko Maraɗi kuwa zafin watan Afrilu kan kai digiri 40, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai. Ga mai zama a irin wannan wuri, kifayen ƙasashe masu zafi kamar guppy da molly sun fi sauƙin riƙo. Ko wanne aka zaɓa, a nisanta akwatin daga hasken rana.

Idan aka ɗauke wuta, mataci da famfon iska na tsayawa. Alamar farko ita ce a ga kifin ya hau sama yana haki. Ƙaramin famfon iska mai batir na iya ceton ransa. Idan babu, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubo shi daga sama, kuma a dakatar da abinci har wuta ta dawo.

Maganin sauro na fesawa guba ne mai ƙarfi ga kifi. Kafin a fesa shi a ɗaki, a rufe akwatin sosai, a kashe famfon iska har warin ya fita.

Ƙauna mai kisa

Yara kan zuba abinci duk lokacin da kifin ya matso gilashi. Shi kuwa ba ya ƙin tayi. Abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, ya ishe shi. Ragowar na ruɓewa ta koma amoniya. Lafiyayyen kifi zai jure kwana biyu ko uku babu abinci, amma gurɓataccen ruwa na iya gamawa da shi a dare ɗaya.

Wanda ya gaji da kifinsa kuma kada ya sake shi a tafki ko kogi. A 2021 hukumomin garin Burnsville a jihar Minnesota ta Amurka sun roƙi jama'a su daina hakan, bayan an kamo manya-manyan kifayen zinariya a wani tafki, inda suke tone ciyayi suna dagula ruwa. Gara a bai wa wani mai kiwo ko a mayar wa mai sayarwa.

Kyanwa na kuka idan ta matsu, akuya na iya tsinke igiya. Kifi ba shi da murya, ba shi da wurin gudu. Sai dai ya nuna a jikinsa: ya naɗe fikafikansa, ya daina ci, ya laɓe a ƙasa, ko farin ɗigo kamar gishiri ya feso masa.

Malamai kan kawo hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Darasin ya shafi duk mai ran da mutum ya tsare a gidansa.

Don haka kafin a biya kuɗin kifin da yaro ya nuna a shago, tambayar ita ce ko akwai wanda zai riƙa sauya masa ruwa duk mako, har lokacin da yaron zai gama sakandare.